Muhawara: Me ya sa kukan ciwon ciki ya yi yawa a gidajenmu, alhali a gonakinmu ake noma abincin?

Malamin makaranta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, na ga ya dace in kawo shi nan domin masu ilmi a cikinmu su haska mana. Duk majalisar da mutum ya zauna a garin nan, da wuya a tashi ba a sami mai kukan ƙwannafi ko kumburin ciki ko taurin bayan gida ba, kuma kusan kowa ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce ko basir. Shagunan magani cike suke da masu sayen farin ruwan nan na kwalba da ake kurɓa bayan cin abinci, masu tallar maganin gargajiya da lasifika kuma su ne suka fi kowa ciniki ranar kasuwa. Jihar nan kuwa ba ta rasa abinci ba: ga shinkafa a fadamun Argungu da Suru, ga albasa a Aliero, ga kifi a Yauri, ga gero da dawa da wake a tudu, ga nono a rugage. Shin abincin ne ya sauya, ko kuwa yadda muke cinsa? Kuma me mutum zai gyara a kwanonsa na yau da kullum kafin ya kai ga neman magani?

Dattijo manomi, Suru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ganina abincin ne ya sauya, ko da yake sunansa yana nan yadda yake. Lokacin da muke tasowa, turmi da taɓarya su ne suke surfe, kuma komai ƙoƙarin mace ba za ta raba ƙwayar hatsi da dusarta gaba ɗaya ba, sai an sami saura. Shinkafarmu ma ja-ja take fitowa daga turmi. Yau kuwa inji yake gogewa har sai ta yi fari fat, kuma farin nan shi ne abin alfahari a kasuwa, domin idan ka kai mai ɗan duhu sai a karya maka farashi. Dusar da aka cire mu kan saya wa tumaki da kaji, su yi ƙiba su yi ƙyalli, mu kuma mu ci abin da ya rage. Sannan a da tuwon dawa da na gero su ne abincin kullum, tuwon shinkafa na Sallah ne da biki da saukar baƙo. Yanzu akwai gidajen da za a yi mako ba a tuƙa dawa ba, daga shinkafa sai taliya sai burodi.

Ɗalibin kimiyyar abinci, Aliero:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka gani da ido shi ne abin da ake karantar da mu a aji. Ƙwayar hatsi kashi 3 ce: akwai ɓawon waje wanda yake zama dusa, akwai ɗan idon da yake tsirowa idan an shuka, sannan akwai farin garin tsakiya wanda mafi yawansa sitaci ne. Mafi yawan bitamin na rukunin B da ma'adinai da faiba suna cikin dusar ne da wannan idon. Faiba ita ce ɓangaren tsiro da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, amma amfaninta a nan yake, domin tana riƙe ruwa, ta ƙara wa bayan gida auki da laushi, ta sa hanji ya riƙa motsi yana tura shi. Wani ɓangarenta kuma shi ne abincin ƙananan halittu masu amfani da suke zaune a babban hanjinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar ya sami aƙalla giram 25 na faiba a rana, da aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace. Wanda ya karya da shayi da farin burodi, ya ci shinkafa da mai da yaji da rana, ya kwana da tuwon shinkafa, da ƙyar zai kai rabin wannan, don haka taurin bayan gida a wurinsa ba abin mamaki ba ne, kuma yawan yunƙuri a bayi yana cikin manyan abubuwan da suke kawo basir na gaskiya.

Illar goge shinkafa ba yau aka gano ta ba. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indonesiya, ya lura cewa kajin da ake ciyarwa da farar shinkafa suna kamuwa da shanyewar ƙafa, idan aka mayar musu da marar gogewa kuma sai su warke. Daga nan aka bi sawu har aka gano bitamin B1, Eijkman kuma ya sami kyautar Nobel a 1929. Abin da ya ɗan rufa mana asiri a nan shi ne al'adar matanmu ta turara shanshera kafin a casa ta, domin turarin yana tura wani ɓangare na bitamin daga ɓawo zuwa cikin ƙwaya. Sai dai shinkafar tuwo ba a turara ta, ɗanya ake gogewa, saboda haka ita ce ta fi kowace tsiraici.

Uwargida, Jega:
Ina gaishe da Baba, ina kuma yi wa ƙanena godiya da wannan bayani. Amma ina roƙon a kalli lamarin ta ɓangarenmu mu da muke tsaye a madafi. Ranar da mace ta tuƙa tuwon da ba a surfa sosai ba ya fito da duhu da ɗan kaushi, maigidan da yake yabon abincin da a nan shi ne zai fara cewa ta yi ganda, yara kuma su ture kwano. Giram 400 na kayan lambu ga kowane mutum, a gidan da ake da baki 12, ba ƙaramin cefane ba ne a wannan tsadar. Wake kuwa da ake ta cewa a ci, duk ranar da na dafa shi sai an kwana ana kukan kumburin ciki, in ban da na zuba masa kanwa sosai.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Yaya, maganarki gaskiya ce, kuma duk shawarar da ba ta yi la'akari da aljihun maigida da wahalar mai girki ba, a baki za ta tsaya. Amma ba tufa da inabi ake nufi da kayan lambu ba. Zogale da rama da yakuwa da alayyafo da lalo da kuɓewa da kabewa duk suna cikin lissafi, haka busasshiyar kuka da karkashi, kuma wasu daga cikinsu a bayan ɗaki suke fitowa da damina. Matsalar da nake gani ita ce miyarmu ta zama ruwa: cokali kaɗan na kuka a tukunyar da za ta ciyar da gida guda, sai dunƙulen ɗanɗano da gishiri su cike gurbin. Idan aka ƙara ganyen miya ya yi kauri, aka riƙa yin kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ko sau 3 ne a mako, aka mayar da dambu da faten wake cikin jerin girki, an yi nisa ba tare da an ƙara kuɗi mai yawa ba. Ganye kuma a daina dafa shi har ya yi baƙi a zubar da ruwansa, sannan a sa masa ɗan mai ko gyaɗa, domin sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo.

Game da wake, abin da yake kumbura ciki wasu nau'o'in sukari ne da ƙaramin hanjinmu ba shi da abin narkar da su, sai su wuce babban hanji, ƙananan halittun can su ci su fitar da iska. Idan aka jiƙa wake tun dare, aka zubar da ruwan jiƙon, aka dafa shi da sabon ruwa har ya yi luguf, wani ɓangaren wannan sukarin yana tafiya da ruwan, kuma dahuwar ma ba ta cin itace da yawa. Abu na biyu, ciki yana sabawa. Wanda yake cin wake kaɗan-kaɗan a kai a kai bai cika shan wahalar wanda ya yi wata bai ci ba sannan ya cika kwano da garau-garau a zama ɗaya ba. Haka ma dusa: kada a tashi rana ɗaya a juya girkin gida gaba ɗaya, a fara da gauraya garin, a kuma ƙara shan ruwa, domin faiba ba tare da ruwa ba tana iya ƙara taurin ne maimakon ta rage shi, balle a zafin watannin Maris da Afrilu na ƙasar nan.

Dattijo manomi, Suru:
'Yata, na ga kin tsallake maganar kanwa. Mun gaji kunun kanwa daga iyayenmu, kuma ni shaida ne cewa idan ciki ya ɗaure, ɗan jiƙon kanwa yana sa a yi gyatsa a sami sauƙi nan take. Kada ku 'yan boko ku raba mu da ita.

Ɗalibin kimiyyar abinci, Aliero:
Baba, sauƙin da kuke ji gaskiya ne, ba zato ba ne. Kanwa tana kashe kaifin ruwan tsamin da tumbi yake fitarwa, kuma haɗuwarsu ce take haifar da iskar da take fita a matsayin gyatsa. Sai dai akwai abin da ake biya. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan da yake cikin gishiri mai tayar da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda, alhali tsakanin gishiri da dunƙule da kanwa muna zarce wannan ba mu sani ba. Haka kuma idan aka dafa wake ko ganye da kanwa mai yawa, tana lalata bitamin B1 da bitamin C, sai a sami laushi a rasa wani ɓangare na amfanin.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Ban tsallake ba, Baba, ina neman hanyar faɗa ne cikin ladabi. Ɗan ƙanƙanin kanwa a miyar kuɓewa ko a ɗanwake ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce mai jego da ake ɗirka wa kunun kanwa safe da yamma har ta yi arba'in, ga kuma wankan ruwan zafi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wannan al'ada da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, wanda yake zuwa da kumburin ƙafa da haki. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda da mai jego, waɗannan ina roƙon a sassauta musu.

Dattijo manomi, Suru:
Ta mai jego na karɓa, domin mun ga irin wannan kumburin da idonmu. Tawa kanwar kuwa zan rage, amma ban yi alkawarin bari ba.

Direban mota, Yauri:
Ina yi wa manya sallama. Duk wannan bayani na waɗanda suke cin abinci a gida ne, mu kuwa a kan hanya muke rayuwa. Da asuba shayi mai kauri da burodi a tasha, daga nan sai goro da lemon kwalba mai sa kuzari har a kai Kwantagora a dawo, domin idan ka ci abinci mai nauyi da rana barci zai ɗauke ka a kan sitiyari. Sai bayan isha'i mutum zai zauna ya rama, tuwo malmala 2 ko 3 da nama da yaji, ya sha maganin ciwon jiki saboda bayansa, ya kwanta. Yawancinmu muna da olsa, kuma abin da muka sani shi ne zama da yunwa ne yake kawo ta. Ni dai madara nake sha idan ta taso.

Mai shagon magani, Zuru:
Ɗan'uwa, da ka zo shagona da wannan bayani, abin da zan fara karɓewa daga hannunka shi ne maganin ciwon jikin nan. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin suna raunana majinar da take kare bangon tumbi daga ruwan tsaminsa, kuma shan su kullum, musamman waɗanda ake haɗawa kala-kala a ƙulla a leda, yana cikin manyan dalilai biyu na gyambon ciki. Ɗayan dalilin ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka tabbatar da alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, ta hanyar gurɓataccen ruwa da abinci da cuɗanya a gida. Yunwa tana sa mai gyambo ya ji zafin sosai saboda babu abincin da zai tare ruwan tsamin, yaji ma yana tsananta raɗaɗi ga wasu, amma ba su ne suke haƙa gyambon ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin ƙwayar cutar ana gwada ta a asibiti ta bayan gida ko ta numfashi, kuma ana kashe ta da haɗin magunguna na kimanin mako 2, a rabu da ciwon. Mutum kuwa sai ya shekara 10 yana kurɓar farin ruwa a kwalba yana cewa olsa ba ta warkewa. Madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya kuma ta sa tumbi ya ƙara fitar da ruwan tsami.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Ina ƙarawa da cewa ba kowane zafin ƙirji ne gyambo ba, kuma abin da direbanmu ya kwatanta ya fi kama da ƙwannafi. A mahaɗar bututun abinci da tumbi akwai wata tsoka da take tsukewa bayan abinci ya wuce. Idan aka cika tumbi maƙil da abinci mai maiƙo, sannan aka miƙe a shimfiɗa, ruwan tsami yana samun hanyar komawa sama, daidai da tulun da aka cika har baki sannan aka kwantar da shi. Goro da shayi mai kauri da lemon kuzari da taba duk suna iya ƙara tsananta abin. Shawarata gare ka, Malam direba, ita ce ka raba wannan abincin na dare. Ka ci wani abu marar nauyi da rana, ko fura ce da nono, ko ƙosai, ko dafaffiyar gyaɗa da ayaba, wanda ba zai sa ka barci ba, domin idan ka iso dare ba a rarake ba, malmala ɗaya za ta ishe ka. Ka bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, ka ɗaga wajen kan gadonka, kuma kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar ga masu wannan matsala.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu maganin gida, ina roƙon kowa ya riƙe su: aman jini, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, jini a bayan gida, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ko sauyin yanayin bayan gida da ya daɗe ga wanda ya manyanta. Mun sha karɓar mutanen da suka daɗe suna shan jiƙon basir, sai da abin ya ci ƙarfinsu aka gano ciwon daji ne na hanji. Zafin ƙirji mai zuwa da gumi da haki kuma yana iya zama na zuciya, ba a jiran safiya da shi.

Malamin Islamiyya, Gwandu:
Allah ya saka wa Malama da alheri. Kwanciya a ɓangaren dama ita ce sunna, amma wanda lalura ta sa ya juya hagu babu laifi a kansa. Abin da nake so in jawo hankalinmu gare shi shi ne ma'aunin da aka ba mu tun kafin a san waɗannan bayanai. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, idan kuma ba makawa, to sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. A Suratul A'araf, aya ta 31, an ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Mun haddace wannan, amma a duba yadda muke buɗa baki da azumi: ruwan ƙanƙara, kunu, ƙosai, soyayyen dankali, shinkafa, duk kafin a tayar da sallar isha'i, sai ka ga mutum a sahun tarawihi yana gyatsa ya kasa ruku'u. Ina da tambaya ga masana: mu da muke haɗiye tuwo ba tauna, kuma muke ci da sauri a kwano ɗaya domin kada a bar mutum a baya, shin wannan yana da illa? Kuma gaskiya ne shan ruwa a tsakiyar cin abinci yana hana narkewa?

Ɗalibin kimiyyar abinci, Aliero:
Allah ya gafarta Malam, narkar da abinci a baki yake farawa, domin miyau yana ɗauke da sinadarin da yake fara farfasa sitaci, haƙora kuma suna rage wa tumbi aiki. Amma tuwo an riga an niƙa shi an dafa shi, don haka haɗiye shi ba babbar matsala ba ce, ƙaramin hanji zai ƙarasa aikin. Inda tauna ta zama dole shi ne nama da gyaɗa da gasasshiyar masara da ganye da wake. Illar sauri ta fi ta rashin tauna tuwo: mai sauri yana haɗiyar iska tare da loma, kuma saƙon ƙoshi yana ɗan jinkiri kafin ya isa ƙwaƙwalwa, saboda haka kafin ya ji ya ƙoshi ya riga ya wuce sulusin da kuka ambata. Ƙaramin yaro ma shi ne yake cutuwa a kwanon taron, domin kafin ya kai loma 5 manyan sun share, gara a zuba masa nasa daban a ga abin da ya ci. Ruwa kuwa ba ya hana narkewa, tumbi yana daidaita tsaminsa da kansa. Abin shan da ya kamata a raba shi da abinci shi ne shayi.

Uwargida, Jega:
Shayi kuma? To mu da ba mu da abin karyawa sai shi, har masu juna biyu?

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Su ne ma suka fi damuna, Yaya. Abin da ya shiga baki daban, abin da ya shiga jini daban. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai ɗaure ayon, wato sinadarin ƙarfen da yake cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotse shi, ayon kuwa da shi ake gina jini, kuma ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matan da suke zuwa mana awo. Ba cewa na yi a daina shayi ba, a dai ba shi tazarar kamar awa guda daga babban abinci da kuma ƙwayar ƙarin jini. Abin da yake yin kishiyar haka shi ne bitamin C: a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir a kan wake, a ci gwaba ko mangwaro ko lemo bayan abinci, ko a dama garin 'ya'yan kuka. Ɗan kifi ko nama a miya, ko da kaɗan ne, shi ma yana taimaka wa jiki ya ɗebi ayon ɗin ganyen.

A nan ne ma nake ganin iyayenmu mata sun riga mu sanin aikin. Hatsi yana da wani sinadari da yake riƙe ayon da zinki, wani ma'adinin da jiki yake bukata, amma jiƙa shi da barinsa ya yi tsami suna karya wannan riƙon. Gasarar koko da aka bari ta kwana, da kamu, da ƙullun waina, da kalwar da aka mayar daddawa, duk wannan hikimar ce. Nono ma haka: manya da yawa idan suka sha ɗanyar madara sai ciki ya yi ta ƙugi ko su yi gudawa, saboda jikinsu ya rage fitar da abin da yake narkar da sukarin madara, amma idan ta yi tsami ta zama nono ko kindirmo, an riga an cinye wani ɓangaren sukarin, sai ciki ya karɓa. Sharaɗi dai a tafasa madarar kafin a ɗaura ta, domin ɗanya tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan, kuma a san irin ruwan da aka dama furar da shi. Wanda yake fama da tsutsar ciki ko atini, komai kyawun abincinsa ba zai ga amfaninsa ba, don haka wanke hannu da sabulu, ba a ruwan kwano ɗaya da mutum 10 suka tsoma hannu ba, yana cikin gyaran narkewar abinci.

Ɗan kasuwa, Kamba:
Ni ina da ja a kan yadda ake kushe maganin gargajiya. Duk wata nakan yi wankin ciki da jiƙon filasko, in fitar da dattin da ya taru, kuma ina jin jikina ya yi sakayau. Idan ba a wanke ba, ina maiƙon da zaƙin da muke ci za su tafi?

Mai shagon magani, Zuru:
Alhaji, ba kushe ba ne, filasko magani ne na gaske, har a cikin magungunan asibiti ana sarrafa ganyensa domin taurin bayan gida na ɗan lokaci. Amma hanji ba ya tara wani datti da yake jiran wanki, bangonsa ma sabunta kansa yake yi cikin 'yan kwanaki, maiƙo da zaƙi kuma jini suke shiga, gudawa ba ta fitar da su. Abin da yake fita ranar wankin shi ne ruwan jikinka da gishirinsa, sakayau ɗin da kake ji kuma na wanda cikinsa ya zama wayam ne. Jiƙo ba shi da ma'auni, yau ya yi sauƙi gobe ya kwantar da mutum, kuma ga tsoho ko mai ciki ko mai ciwon ƙoda yana da haɗari. Idan kana bukatar abin da zai sassauta maka ciki, kunun tsamiya da gwanda da dabino da kuɓewa da isasshen ruwa da tafiyar ƙafa bayan cin abinci za su yi maka aikin a hankali.

Ɗan kasuwa, Kamba:
Na ji, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Zan gwada tsamiyar da gwandar in gani.

Uwargida, Jega:
Kafin a watse ina so a koma kan dusa, domin ni ce zan je wurin mai inji. Surfe ba don kwalliya kawai muke yinsa ba. Yana fitar da ƙasa da ƙura da maganin ƙwari da ake zuba wa hatsi a buhu, yana rage baurin jar dawa, kuma garin da ba a surfa ba, ba ya daɗewa, kwana kaɗan sai ya fara wari. Idan na ce a bar dusar, ba na jawo wa gidana wata cutar ba?

Ɗalibin kimiyyar abinci, Aliero:
Yaya, wannan ƙorafi yana da tushe. Warin da kike ji man da yake cikin idon ƙwayar ne yake lalacewa, maganinsa a riƙa niƙa na 'yan kwanaki kawai, a shanya garin ya huce kafin a rufe shi. Maganin ƙwari da ƙura a bayan ƙwaya suke zama, haka ma wani ɓangare na dafin da fumfuna take bari a masara da gyaɗa idan an adana su da danshi, wanda yake cutar da hanta, kuma surfe yana rage shi. Saboda haka masarar da kika saya a kasuwa ba ki san yadda aka adana ta ba, ki tsince masu baƙi da masu ruɓa, ki wanke, ki surfa ta yadda kika saba. Gero da farar dawa na rumbunku, waɗanda kika san sun bushe sarai kuma ba a zuba musu magani ba, su ne za ki wanke sosai, ki rege, ki shanya, ki ce wa mai inji ya yi musu surfe sama-sama ko ya niƙa su haka nan. Ki fara da mudu ɗaya na wannan a cikin mudu 3 na garin da aka saba, launin ba zai sauya har a lura ba, musamman a ƙarƙashin miyar kuka mai kauri.

Dattijo manomi, Suru:
Idan gero ne ma, 'yata, ki fara da fura da kunu kafin tuwo, domin a nan ba mai duba launi. Kuma ki tsaya a kan mai injin, don wasunsu da gangan suke zurfafa surfen, tunda dusar su take zamar wa riba.